Ranar da Injin Waƙa Ya Cinye 'Yan Amshi

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, wasu ma da gangan na manta, don tuna su ba ya ƙara wa mutum komai sai hawan jini. Amma abin da ya faru a liyafar ƙarshen shekara ta wurin aikinmu a Yelwa, ba da daɗewa ba bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, wannan ko na so in manta ba zai yiwu ba. Da shi za a kai ni kabari.

A lokacin ina bakanike a wani aikin gwamnati na noman rani. Muna raba wa manoman bakin ruwa injunan ban-ruwa, tun daga Shanga har Wara, in sun lalace mu gyara. In na ce mu gyara, ni nake nufi. Sauran suna da tebur da kujera da fanka, ni ina da sifana da baƙin mai har gwiwar hannu. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, ba don kaina ba ya ja ba, sai don mahaifina ya rasu aka ce in dawo gida. Wannan kaɗai ya isa kowane yaro mai takarda ya zo ya same ni, in nuna masa inda ake zuba wa inji mai, shekara ta zagayo ya zama ogana. Ban taɓa cewa ina jin daɗin haka ba, har yau ma ba na ji.

Cikin waɗanda suka haye kaina har da taubashina, ɗan kawuna ƙanen Inna. Tare muka tashi, tare muke tuƙa jirgi mu kai kawu gona a tsallaken ruwa tun filafili ya fi mu tsawo. Shi ya yi makarantar koyon sana'a ya fito da takarda, sai aka ba shi foman. Ranar da aka ba shi na yi murna, Allah shaida ne, don na ce ko ba komai namu ya samu. Wanda ya san taubasantaka kuwa ya san ba a raba ta da tsiya. Kowa cewa yake ɗayan bawansa ne, ka zage shi ya zage ka, manya na ji suna dariya. Wata safiya yana zagayawa da baƙi, ya zo wucewa ta gabana cikin sabuwar kwat, a wannan zafi na Yawuri da ko kifi neman inuwa yake. Na ce, "Kai bawana, wa ya ara maka rigar mutane? Ka mayar kafin mai ita ya farka."

Irin maganar da nake gaya masa ke nan tun muna yawo ba wando. Sai ya tsaya, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce a gaban kowa, "Malam, nan wurin aiki ne. A nan babu taubashi, foman ke akwai."

Wannan "Malam" ɗin ita ta fi yi mini ciwo. Na ajiye sifana na ce, "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe." Tun daga ranar na ba shi foman ɗin da ya nema har ya gundure shi. Kullum da safe in rusuna har gwiwata ta kusa taɓa ƙasa, in ce, "Ranka ya daɗe Foman, an tashi lafiya?" A gidan suna haka, a masallaci haka, a gaban matarsa haka. Ya sha jawo ni da wasa daga baya, sai in ce, "Ranka ya daɗe, akwai aikin da za a yi ne?" Mutane ba su sani ba, ladabi ma makami ne, in ka iya wasa shi ya fi aska.

Muka kusan shekara biyu a haka. Inna ta gane tun da wuri. Ta ce, "Ku biyu gaba kuke yi." Na ce, "Inna, wace irin gaba? Kullum sai na gaishe shi har ƙasa." Ta ce, "Wagga gaisuwa taka, zagi ya fi ta daɗi."

Da aka ba mu jiha sai aka shiga kwasar masu takarda ana kai su Birnin Kebbi don cike sababbin ofisoshi. Labari ya zo cewa Foman na cikinsu, da shigar sabuwar shekara zai tashi da iyalinsa. Inna ta sa aka kira ni. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Ɗan ƙanena zai tahi. In kunka rabu haka, kun rabu ke nan, ni na san taurin kan gidanmu. Kakanku da ƙanenai haka sunka yi har ƙasa ta rufe musu ido, ɗiyansu yau ba su san juna ba. Kahin shi tahi, ina son in ji ku kuna zagin juna cikin gidan ga kamar da. Ban roƙe ka komi ba sai wannan."

Na ce, "Shi ya fara, shi zai zo." Ta ce, "Shi ma haka ya ce." Na tashi na fita. Zuciyata ba daɗi, don ban saba Inna ta roƙi abu in hana ta ba, amma ƙafata ba za ta kai ni ƙofarsa ba. Lokaci kuwa yana ta ƙurewa.

Ana cikin haka sai maganar liyafa ta taso. Babban injiniyanmu mutumin ƙasar Filifin ne, gajere, mai yawan dariya, yana jin Hausa irin ta wanda ya koya a kasuwa. Ya dawo daga hutu da wani akwati mai kama da babbar rediyo, da wurin sa kaset da makirufo mai doguwar waya. Ya tara mu a ofis ya ce sunansa karawoke. Tsohon maigadinmu da ke leƙe ta taga ya ce, "Ƙara wake? In dai da shinkafa, a ƙara." Sunan da ya bi injin ke nan har ya bar garin.

Injiniya ya sa kaset na yarensu, wata mata na ta rera waƙa. Ya nuna wani maɓalli ya ce, "Wannan, ka murɗa, mai waƙa ya tafi. Kiɗa ya zauna. Kai ka zama mai waƙa." Ya murɗa, muryar matar ta ɓace kamar an jefa ta rijiya, ya ɗauki makirufo ya ci gaba daga inda ta tsaya. Muka riƙe baki. Ya ce a ƙasarsu ba a rufe shekara a wurin aiki sai kowa ya yi waƙa, daga shugaba har mai shara, bana mu ma haka za mu yi, kuma liyafar za ta zama ta ban-kwana da Foman. Daga nan ya naɗe wayarsa, ya mayar da injin cikin kwali ya kai gida. Yadda yake ji da shi ko amarya albarka. Ya ce ba mai taɓawa sai ranar.

Kasusuwansa duk na Turanci ne da yarensu, don haka sai an nemo na Hausa. Kowa ya san ni da kaset, ina da su cike da kwalin madara, rediyota ba ta mutuwa a rumfar gyara. Manaja ya kira ni ya ce, "Tunda kai ne sarkin kaset, kai za ka zaɓa wa kowa waƙarsa. Amma ka buɗe kunne. Manya za su zo daga Birnin Kebbi. Ban da zambo, ban da siyasa, ban da batsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in an cire waɗannan ai sai taken ƙasa ya rage." Ya ce, "Kai dai bakinka zai kashe ka. Je ka yi abin da aka sa ka."

Na ɗauka aikin rabin yini ne. Ashe zaɓar wa Bahaushe waƙar da zai yi a gaban abokan aikinsa ya fi kwance kafireta wuya. Waƙarmu ba ta tafiya ita kaɗai, duk inda ta yabi wani sai ta soki wani, kuma duk wanda ke zaune a wurin sai ya auna sukar da jikinsa. Na ɗauko wata ta yabon wani basarake, mai daɗin gaske, muna cikin saurare sai mawaƙin ya shiga yi wa mai tumbi zambo. Manajanmu kuwa in ya zauna sai ya ja tebur baya. Na cire ta. Na ɗauko wata, sai ga mai sanƙo a baiti na uku, an ce babban baƙon da za a yi ko gashi ɗaya babu a kansa. Wata kuma ta ambaci ɓera a rumbu. Mai kula da sitonmu ya biyo ni har bayan rumfa ya ce, "In aka sa wannan, da ni ake." Na ce, "Ni ban ce ba, kai ka faɗa." Bai sake gaishe ni ba sai bayan sati.

Direbanmu ya nace sai waƙar soyayya. Na ce, "Ka manta maigadi surukinka ne? A gabansa za ka tsaya kana kiran wata mai fararen idanu?" Ya sosa ƙeya ya ce, "To a ce da 'yarsa nake." Na ce, "Wannan ya fi muni." Ya koma wa waƙar direbobi, ita ma sai da muka tsallake inda ake zagin 'yan kamasho. Mai buga mana tafireta, wata mata 'yar Zuru da muke ce wa Anti, ta ce ita duk waƙar da ta yi a ofishin nan sai wani ya ce da shi take, don haka a ba ta wadda babu namiji a ciki ko na kaza. Waƙoƙin yabon Manzo kuwa muka yi shawara ba a wasa da su a wurin shan lemo. Na siyasa ba a ma magana, jam'iyya biyu ake da su a lokacin kuma ofishinmu ya rabu biyu cif.

Zan faɗi wani abu da ban zata ba. Kwanakin nan su ne karo na farko da masu tebur suka riƙa zuwa rumfata ba don inji ya mutu ba. Mutum ya zo da farar riga, ya share gangar mai ya zauna, mu sa kaset mu saurara, mu yi gardama. A nan na san ma'ajinmu da nake ganin ba ya dariya ya haddace waƙoƙin 'yan dambe kaf. A nan na san Anti ta taɓa yin waƙa a coci har ana zuwa saurarenta daga wasu ƙauyuka. Na daɗe ina cewa mutanen nan ba su ɗauke ni mutum ba. Wataƙila da gaskiyata, amma ni ma ban taɓa tambayar wani abin da yake saurare ba.

Mutum ɗaya ne bai zo ba. Sai ga Anti wata rana ta ce, "Oga Foman ya ce ka zaɓa masa mai sauƙi, ka san ba shi da murya."

Na ce, "Bakinsa ciwo yake da ba zai zo da kansa ba?"

Ta ce, "Ni dai 'yar aike ce. Ku biyun nan kun fi kishiyoyi ban haushi."

Ina da kaset da in na ba shi sai ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige. Amma ni mugun baki gare ni, ba mugun ciki ba, kuma aiki aka ba ni. Na tona kwalin har ƙasa na ɗauko wani da na saya a kasuwar Yelwa, na wani mawaƙin ƙauye da ya ɗauki tsohuwar waƙar matuƙa jirgi ya sa mata kalangu. Waƙar aiki ce, babu sarki a ciki, babu mace, babu jam'iyya. Na gaban jirgi ya jefa 'yar gajeruwar tambaya, na baya su amsa da dogon amshi. Ya ce, "Ruwa ya kawo, wa zai tuƙa?" Su ce, "Mu ne, mu ne, tuƙa mu je, ɗan gari ba ya kwana tsallake." Ya sake jefa wata, su sake amsawa. Kusan duk waƙar amshi ce. Na ce wannan ko akuya aka ba makirufo za ta fita kunya, 'yan amshin cikin kaset za su ɗauke shi. Kuma ya san ta, da ita muka koyi tuƙi.

Anti ta kai masa ta dawo. Ta ce ya daɗe yana jujjuya kaset ɗin a hannu, sannan ya ce, "Wannan ya zaɓa?" Na ce, "Ki koma ki gaya masa ba don komai ba ne, don ba shi da murya ne."

A nan kuskurenmu yake, mu duka, ba ni kaɗai ba. Injiniya ya ce injin na cire mai waƙa. A wurinmu mai waƙa mutum ɗaya ne, shi ne na gaba. 'Yan amshi ba wanda ke kiransu mawaƙa, su da makaɗa kaya ɗaya ne. Ko a mafarki ba wanda ya kawo cewa injin bai san wannan bambanci ba, shi duk abin da ya fito daga maƙogwaron ɗan Adam murya ce.

Ranar liyafa aka share babbar rumfar injuna, aka aro bencina daga makarantar firamare, aka jera kujerun ofis a gaba don manya. Bayan la'asar aka fara. An soya giwan ruwa da ragon ruwa, ga dafa-duka a manyan tukwane, ga lemo cikin baho da ƙanƙara. Shugabannin manoma sun zo daga Shanga da Ngaski da manyan rigunansu, sun zauna a baya. Baƙi sun iso daga Birnin Kebbi, cikinsu har da mai sanƙon, wanda shi ne zai zama sabon ogan Foman. Tun da safe Manaja ya ja mana kunne cewa kowa ya kama kansa, kada a nuna wa manya ƙauyanci. Ni aka zaunar kusa da injin don canza kaset.

Injiniya ya buɗe fage da wata ta Turanci, ya rufe ido yana jan murya kamar an taka masa ƙafa. Muka tafa. Anti ta yi tata, ita ma daga kasusuwan Injiniya ta ƙarasa zaɓa, kuma wallahi ta iya. Sai Manaja ya miƙe ya yi jawabi, ya yabi Foman, ya ce Foman ne zai buɗe waƙoƙin gida tunda shi ake yi wa ban-kwana. Foman ya fito cikin kwat ɗinsa, ya karɓi makirufo da hannu biyu. Na sa kaset, na murɗa maɓalli kamar yadda aka nuna mini.

Kalangu ya tashi, siriri, kamar daga nesa. Foman ya gyara murya ya ce, "Ruwa ya kawo, wa zai tuƙa?"

Shiru. Kalangu na ta bugawa a daidai inda amshi ya kamata ya shigo, ba kowa a ciki. Injin ya cinye su duka. Na dubi maɓallin, na dubi Injiniya. Shi kuwa yana ta gyaɗa kai yana murmushi, a zatonsa haka waƙar take.

Foman ya ɗauka kaset ne ya sarƙe. Ya jira, zagayen ya dawo, ya jefa ta biyu, "Iska ta taso, wa zai riƙe?" Nan ma ba wanda ya amsa, shiru ne mai nauyi, irin wanda kake jin ƙarar cokali a kwano. Kusan duk wanda ke rumfar ya san amshin nan. Amma manoma sun ɗauka ƙa'idar wasan baƙi ce a yi tsit, suna ta kallon juna. Ma'aikata suna tuna kashedin Manaja. Wasu kuma, in faɗi gaskiya, Foman ya takura musu a aiki, ba su ƙi ya ɗan ji jiki ba. Na ji wani ya ƙyalƙyale a baya ya toshe baki. Mai sanƙo ya sunkuya ya raɗa wa na kusa da shi magana.

Wanda ba Bahaushe ba ba zai gane girman abin ba. Mutum ya tsaya gaban jama'a ya jefa waƙa a rasa mai karɓa, wannan ba rashin murya ba ne, cewa aka yi ba shi da kowa. Ga shi a garinsu, ranar ban-kwanarsa, a gaban wanda zai yi aiki a ƙarƙashinsa.

Hannuna na kan maɓallin. Ina iya mayar da shi, amma sai muryar mawaƙin ta dawo ta danne tasa, kowa ya ga an ƙwace masa waƙa. Kuma ba zan ɓoye ba, wata zuciya ta ce mini, ai ya ce foman ke akwai, to foman ya amsa wa kansa. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai. Na riƙe ta a baki kamar alewa.

Zagaye na uku ya zo. Na san tambayar da ke tafe, shi ma ya sani. Bai dube ni ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗaga ƙafar dama yana sosa ƙwaurin hagu da bayan takalmi. Haka yake yi tun muna yara in kawu ya ɗauko bulala. Da wata 'yar murya ya ce, "Wa ke bayana?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Muryata kuwa kowa ya san ta, kamar injin da mai ya ƙare masa. Na ce, "Mu ne, mu ne, tuƙa mu je, ɗan gari ba ya kwana tsallake." Ni kaɗai, ba makirufo, a zaune kusa da kwalin kaset. Duk rumfar ta juyo tana kallona. Na ce a raina, to, tunda an shiga ruwa sai a yi iyo.

Foman ya ɗago kai. Ya jefa ta gaba da ɗan ƙarfi. Wannan karon maigadi ya shigo ta taga da tsohuwar muryarsa, sai wani dattijo daga Ngaski ya ce, "Ashe an yarda a amsa," ya tattare hannun riga. Kafin a zagayo sau biyu bencina duka sun ɗauka. Direba ya jawo jarka yana bugu. Anti da ba ta san kalmomin ba tana tafi tana kama wutsiyar amshin. Abin mamaki, mai sanƙo ya ajiye lemonsa ya shiga tuƙa iska da hannu biyu, ashe ɗan masunta ne daga wajen Argungu. Kaset ya kai ƙarshe ya yi ƙas, ba wanda ya kula.

A nan ne ɗan banzan ya ci amanata. Da ya ga jama'a sun hau, sai ya bar kalmomin waƙar ya shiga ƙirƙiro nasa. Ya juyo ya nuna ni da makirufo ya ce, "Wa ke da hannu baƙi kamar gindin tukunya?" Jama'a suka ce, "Mu ne, mu ne." Ya matso har gabana ya ce, "Wane ne bawana tun kaka da kakanni?" Ya kafa mini makirufo a baki. Ina cikin kiɗa, amshi ya riga ya taho, ba yadda zan yi. Da bakina, ta cikin injin mutumin Filifin, a gaban manyan Birnin Kebbi, na ce, "Mu ne, mu ne." Rumfa ta kece da dariya. Manaja da ya hana zambo yana riƙe da tumbi yana share hawaye.

Sauran waƙoƙin duk haka aka yi su, mai makirufo ya jefa, rumfa ta karɓa. Injiniya ya zo kusa da ni ya ce, "Ƙasarmu, mutum ɗaya yana waƙa, saura suna jira. Ku ba ku iya jira." Na ce, "Mun iya, yallaɓai. Ɗazu ka ga mun gwada, bai yi kyau ba."

Da aka watse ina tattara kasusuwana sai na ga inuwa a kaina. Ya cire kwat ya rataya a kafaɗa. Ya ce, "Har yanzu muryarka kamar ana jan garwa a kan dutse."

Na ce, "Ita ta fisshe ka."

Ya ce, "Tsakaninka da Allah, ba kai ka shirya mini wannan ba?"

Na ce, "Da ni na shirya, da na bar ka ka nutse. Kuma maganar bawa, ka sani a gaban hukuma ba ta tabbata ba, tilasta ni aka yi."

Ya ce, "Shaidu sun fi ɗari. Tashi ka tayar da wannan akwalar babur ɗin naka ka kai ni wurin Gwaggo."

Muka shiga gidan ana shirin kiran magariba, muna musu tun daga zaure. Yana cewa babur ɗina ya kusa karya masa ƙugu, ina cewa ƙugun da ya saba da kujerar ofis ai ba ƙugu ba ne. Inna na alwala a bakin randa. Ta tsaya da buta a hannu tana saurare, ba ta juyo ba. Da ta gama ta ce, "Wa ya ba wani haƙuri?" Na nuna shi, ya nuna ni. Ta ce, "Maƙaryata. To ku ci gaba, amma ku matsa daga kan tabarmar sallata."

Da sabuwar shekara ta kama ni na ɗaure masa kaya a mota, ina zagin kujerunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya tafi ya yi ta hawa har ya yi ritaya da babban muƙami. Ni aikin noman ranin ya mutu ya bar ni, ga ni nan a wata rumfa a bakin kasuwa ina gyaran injuna har gobe. Duniya ba ta yi mini adalci ba, kuma ba zan fasa faɗa ba. Amma 'ya'yansa a gidana suke sauka in sun zo Yawuri, babban ɗana a gidansa ya zauna ya yi karatun da ni ban samu ba, kuma Inna ta rayu shekaru tana jin hayaniyarmu kafin Allah ya karɓi abarsa.

Har yau ba mu gama shari'ar wa ya fara ba. Ni na san shi ne, kuma duk zuwan da zai yi sai na tuna masa. Abin da na koya a rumfar nan shi ne, shari'a tana iya jira, shekara talatin ma sai ta jira ba ta lalace ba. Amma in naka ya tsaya gaban jama'a ya yi kira aka yi shiru, wannan ba ya jira, ɗan lokaci ne kaɗan, in ya wuce ya wuce. Ka amsa masa tukuna, ko da muryarka ba daɗi, ko da kai ke da gaskiya. In kun isa tudu sai ku ɗora rigimarku daga inda kuka tsaya.